Fararen Kayan Lahadi a Motar Uelese

A ƙauyenmu na Faleulu, inda kwalta ta ƙare ta bar wa teku sauran, ba a cika duba agogo da asuba ba. In aka ji tarin Tsohuwa daga gindin kwakwar gidan Uelese, to gari ya kusa wayewa. Mai wanka ya gaggauta, mai addu'a ya taƙaita.

Tsohuwa mota ce. Ƙashinta na wata motar ɗaukar kaya ne da aka sayo hannu na biyu, bodinta kuwa katako, mahaifin Uelese ne ya ƙera shi da wani kafinta abokinsa. Bencina ne a ciki, tagogin ba gilashi, sai roba da ake ja in ruwa ya sauko. Motar ta dangi ce, Uelese matuƙi ne kawai. Abin da ta samo sai ya kai wa yayansa Fuimalo, wanda shi ne matai, wato shugaban dangin, shi kuma ya kasa: wannan na mai, wannan na coci, wannan a ajiye saboda biki ko mutuwa.

Uelese gajere ne mai faɗin ƙirji. Da zane yake tuƙi, ba takalmi, don ya ce tafin ƙafarsa ne ke jin abin da injin yake so. Maganarsa kaɗan ce, gudunsa ma haka. Samarin direbobi su wuce shi da kiɗa kamar za su tsaga dutse, shi dai yana nan yana bin kwanar bakin teku ɗaya bayan ɗaya, rediyonsa ƙasa-ƙasa. Aikinsa na shekara da shekaru shi ne ya kwashi matan Faleulu da asuba ya kai su kamfanin kifin gwangwani da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Pago Pago, ya dawo gida ya yi barcin rana a inuwa, da yamma ya koma ya ɗauko su. Da asuba suna ƙamshin sabulu da man kwakwa. Da yamma kuwa ƙarnin kifi ne, wanda ya shige katakon bencinan nan har ya zama nasu. Ba wankin da yake fitar da shi.

A motocinmu ba a tsayuwa. Rashin kunya ne mutum ya tsaya ƙerere, kansa ya fi na manyan da ke zaune. In mota ta cika, sai ƙarami ya hau cinyar babba, siririya ta hau cinyar mai jiki, a bar wa dattijo bencin gaba. Da wannan Uelese yake gane halin da duniya ke ciki. Ba ya karanta jarida, madubin da ke saman kansa kawai yake kallo. In ya ga hawa biyu, lafiya lau. In ya ga hawa uku, wata a cinyar wata a cinyar wata, to ranar ko waƙa yakan ɗan yi a hanci.

Gindin hawa uku kullum ita ce Vaiula, wata mai gyaran kifi da muryarta ke riga ta shiga mota.

"Uelese, ka taka mata mana!" in ji ta kusan kowace safiya. "Ko sai kifin ya gaji da jira ya shiga gwangwani da kansa?"

"Goggo Vaiula, ai rabin lodin ke ce. Sauka ki gani in ba ta tashi sama ba."

"Ji ɗan banza! Sinalei, ja wa mijinki kunne, tun ban zauna masa a cinya ba."

Sinalei matar Uelese ce, ita ma a kamfanin take. A motar nan ya same ta. Kowa in zai sauka sai ya ƙwanƙwasa sulensa a katakon rufi, direba ya tsaya, mutum ya ajiye kuɗin a allon gaba ya sauka. Ita kuwa tana budurwa ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba, wai tana so ta ga ko zai wuce da ita. Bai taɓa wucewa ba. Da aka ga abin ya yi yawa, sai manya suka shiga maganar.

A cikin motar suka ji labarin ƙarin albashi. Mai rediyo ya ce an yi doka can Amurka, ƙasar da ke mulkin tsibirinmu, mafi ƙarancin albashi zai hau da rabin dala a kan kowace awa, kuma haka za a riƙa hawa duk shekara. Motar ta kaure da tafi. Vaiula ta yi rawa daga zaune, yarinyar da ke cinyarta ta riƙa gwara kai da rufi. Uelese ma ya yi hon sau biyu, abin da ba ya yi sai in alade ya tare hanya.

Shekarar farko ta yi daɗi, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Sinalei ta sayi firji. An sauya kwanon rufi a gidaje da dama, yara suka tafi makaranta da sababbin takalma, masu cewa "sai ran Juma'a, Uelese" suka ragu. Sai dai ba mu kaɗai ke da rediyo ba. Mai kanti ya ji, shinkafa da naman gwangwani suka hau. 'Yan'uwa na tsibiran Upolu da Savai'i da ke maƙwabtaka da mu sun ji, kowane biki sai a ce ai mu na tsibirin Tutuila yanzu mun yi kuɗi, a ƙara mana kason da za mu biya. Duk da haka ana lallaɓawa.

Da ƙari na biyu ya zo, sai kamfani ya fara tari irin na Tsohuwa. Aka ce a wasu ƙasashen ana gyara kifi da abin da bai kai kuɗin fanke ba. Aka rage awoyi. Daga nan aka fara kiran sunaye a ofis. Wadda aka kira sai ta miƙa farar rigar aiki, da takalmin roba, da ragar kai, a yi mata godiya. Wata yamma Sinalei ta fito daga ƙofar kamfanin da silifas a ƙafa, hannunta ba komai. Ta hau ta zauna. Uelese ya gan ta a madubi. Ya dai kashe rediyon.

Ba a yi wata biyu ba, ya ɗaga kai wata safiya ya ga kowa da wurin zamansa, har da inda za a ajiye jaka. Ya ji kamar ya shiga gidan makoki. A gida kuma ƙarnin kifin da ya saba kwana da shi a gashin matarsa ya tafi. Tana cewa ko ba komai ta huta da wari, shi kuwa sai juyi yake a tabarma.

Waɗanda suka rage a aiki ba su fi a ƙirga da yatsun hannu biyu ba, Vaiula na ciki. Albashinsu ya hau da gaske, amma kowace tukunya uku take ɗorawa yanzu: tata, da ta 'yar'uwar da aka sallama, da ta maƙwabciya. Kamfanin kuma ya daina wasa da latti. Wadda ta makara sau biyu, ofis. Ga shi ba wata motar da ke zuwa ƙarshen kwalta kafin gari ya waye sai Tsohuwa.

Ran wata Lahadi bayan cin abinci, Fuimalo ya aika a kira Uelese. Fuimalo ba mugun mutum ba ne. Nauyin dangi ne a kansa, kuma shi ake tambaya in asusu ya bushe. Yana zaune jingine da ginshiƙinsa a ɗakin taro, Uelese ya zauna can ƙasa ya tanƙwashe ƙafa.

"Uelese, Tsohuwa tana shan mai kamar wadda ta dawo daga jeji, abin da take kawo mana bai kai na shayi ba. Ɗan ƙanwarmu na Tafuna ya ce can yamma mutane ne tsaitsaye a bakin hanya suna jiran mota. Na ce ta koma can. Ta yi aiki can, ta kwana can."

"Ranka ya daɗe, matan asuba fa?"

"Nawa suka rage?"

Uelese ya dubi saƙar tabarma. Bai iya ƙarya ba, gaskiyar kuma ta yi masa nauyi.

"Akwai su," ya ce.

"Akwai su ba lissafi ba ne. Ran Talata zan bi ka in gani da idona. In motar tana cika, ta zauna. In ba ta cika, ka kai ta Tafuna kafin ƙarshen mako."

Ɗakin taronmu ba shi da bango, kowa ya sani. Sinalei tana can bayan ɗakin tana kankare tukunya, duk a kunnenta.

Ran Litinin da yamma, bayan an kaɗa ƙararrawar addu'a an gama, Uelese ya tarar da ita tana goge farar rigarta ta zuwa coci, mai leshi a wuya.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To wa zai yi aure a tsakiyar mako?"

"Kai dai je ka duba iskar tayarka. Na taɓa tambayarka abin da ke cikin injinka?"

Ya fita ya duba tayar. Ya lura mata suna ta shiga gidan juna suna fitowa, ana magana ƙasa-ƙasa, amma ya ce a ransa harkar matan coci ce, ba ta shafe shi ba.

Ran Talata ya tada Tsohuwa da duhu-duhu, ana yayyafi. Yana karyo kwanar farko fitilarsa ta haska bakin hanya, sai ya ga fari fat, kamar balbelu sun sauka. Ya taka birki. Suka fara hawa. Ko bai ga fuska ba ya san kowa, wata da tarinta, wata da yadda matakin ke kuka a ƙarƙashinta. Matan da ya yi wata biyu bai ɗauka ba ne, kowace ta nufi tsohon wurinta ta hau tsohuwar cinyarta, kamar jiya aka rabu. Sinalei ta wuce shi ba ta ko dube shi ba.

"Sinalei," ya ce a hankali.

"Direba, ja mota, za mu makara," in ji ta.

Gidan Fuimalo ne na ƙarshe kafin a bar ƙauye. Ya fito da laima da sandarsa, ya hau, ya tarar an bar masa bencin gaba. Ya leƙa baya cikin duhu, ya ga fari a kan fari har rufi.

"Af!" ya ce.

"Kullum haka muke, ranka ya daɗe," in ji Vaiula daga ƙarƙashin mata biyu. "Yau ma don wasu ba su da lafiya ne."

Aka ja. Uelese ya rasa abin da ke masa daɗi da abin da ke masa ciwo. Tsohuwa ta zauna daram a kan hanya yadda take yi in ta ji lodi, sitiyari ya yi nauyin da hannunsa ya yi kewa, a baya ana ta "matsa mini ƙafa" da "ke, ƙashinki kamar na kifi". Amma gumi yake yi cikin sanyin nan. Yana ta roƙon Allah gari ya ɗan jinkirta wayewa.

Gari bai jinkirta ba. Suna zagayo dutsen da in an wuce shi ake hango tashar jiragen ruwa, haske ya shigo ta tagogi. Uelese ya ɗaga ido ga madubi. A cikin duhu fari fari ne, amma da rana ta leƙo, sai ga leshi. Ga hannun riga mai tattara, ga maɓallai masu ƙyalli. Wata ta ɓoye malafar coci a bayan ta gabanta, bakin malafar ya fito. A ƙasa, inda ya kamata a ga takalman roba, ƙananan takalman Lahadi ne a jere. Kamfani ya karɓe fararen rigunansa, su kuma ba su da wani farin sai na gidan Allah.

Madubin nan babba ne, na bencin gaba ma yana gani. Idon yaya da na ƙane suka haɗu a ciki. Fuimalo ya ɗora haɓa a kan sandarsa. Hayaniyar baya ta yi ta raguwa har ta mutu.

A ƙofar kamfani Vaiula ta ƙwanƙwasa rufi. Duk suka sauka, don ƙafa ta saba. Kowace ta ajiye kuɗinta a allon gaba, har da Sinalei. Masu aiki suka nuna kati suka shige. Sauran suka yi cirko-cirko a bakin titi cikin yayyafi, mai gadi yana kallonsu baki buɗe.

"Kashe injin," in ji Fuimalo.

Uelese ya kashe.

"Kullum haka motar take?"

"A'a, ranka ya daɗe. Waɗanda suka shiga ƙofar nan, su ke nan."

"Da saninka aka shirya?"

"Na dai ga ana guga."

Fuimalo ya ja robar taga, ya yafito Sinalei da hannu. Ta matso, sauran suka biyo ta a baya.

"Matar ƙanena, an mayar da Lahadi Talata ne ba a gaya mini ba?"

"Yaya, fararen nan su suka rage mana. Na kamfani sun karɓe."

"Kuka ɗauka makaho ne ni?"

"A'a, ranka ya daɗe. Mun ɗauka za ka yi gyangyaɗi, kamar yadda kake yi a coci."

Mata suka rufe baki da hannu, kafaɗu na rawa. Uelese ya sunkuyar da kai kan sitiyari, yana jiran tsawa. Gemun Fuimalo ya ɗan motsa, ba a san ko fushi ne ko dariya yake dannewa ba.

Sinalei ta gyara tsayuwa, muryarta ta sauka. "Mu namu ya ƙare, Yaya, ba don kanmu muka zo ba. Shinkafar da ƙanenka ya ci jiya, daga albashin Vaiula ta fito. Duk wadda ka gani a nan, akwai ta cikin ƙofar can da ke ɗora mata tukunya. In motar ta tafi Tafuna, mako ɗaya ba zai cika ba su ma za su fito da silifas."

Fuimalo ya dubi tulin kuɗin da ke allon gaba, ya daɗe yana dubansa. Ya san daga inda ya fito, wata ta fasa sayen sukari, wata ta ara.

"Uelese, mayar musu."

"Ba ma karɓa," in ji wata tsohuwa daga baya. "Wanda ya hau mota ya biya. Mun hau."

"To ku sake hawa, kada ruwa ya ɓata muku kayan Allah. Wannan karon ni na ɗauke ku."

Aka kama hanyar komawa. Wuri ya wadata, amma Uelese ya ga a madubi ba su watse ba, suna nan a cinyar juna.

Da yamma aka tara dangi a ɗakin taro. Fuimalo ya fara da godiya ga Allah da ambaton kakanni yadda aka saba, ya daɗe a kai, sannan ya zo ga maganar.

"In aka yi rashi a wani gida a ƙauyen nan, muna zama mu ce ba riba a kai musu tabarma? Ɗauka muke mu kai. To abin da ya samu ƙauyen nan rashi ne, ko da ba a haƙa rami ba. Man da Tsohuwa ke sha da asuba, shi ne tabarmarmu. Za ta ci gaba da kwana a Faleulu. Amma asusu bai san kunya ba. Uelese, in ka sauke mata ba dawowa barci. Ka wuce yamma ka yi jigila har Tafuna, sai lokacin tashinsu ka dawo ka kwaso su. Mu ga abin da Allah zai yi zuwa Kirsimeti. In ba ta fitar da kanta ba, za mu sake zama."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Uelese.

Ba ƙaramin abu aka ɗora masa ba. Mutumin da ya haura sittin, wanda bai taɓa wuce kasuwar Fagatogo da fasinja ba, ga shi cikin samarin yamma masu kiɗa da hon, suna yi masa ihu ta taga: "Baba, jana'iza ka ɗauko?" Barcin ranarsa ya tafi. Yakan dawo ƙafarsa a kumbure, Sinalei ta dafa ruwa ta gasa masa tana faɗa, wai shi ya cika gaskiya, da ya ce "kullum haka" da yanzu yana kwance a inuwa. Shi dai sai ya miƙa mata ɗaya ƙafar. Wasu cikin matan da aka sallama sun fara bin motar asuba da kwandunan gwaza da ayaba zuwa kasuwa, ba kullum ba, ba kuma su da yawa. Amma Vaiula da 'yan'uwanta ba su makara ko sau ɗaya ba.

Lahadin da ta biyo bayan Talatar nan, aka cika coci. An wanke rigunan, an shanya, an goge, amma bencinan Tsohuwa sun riga sun ba su abin da suka tara shekara da shekaru. Da zafi ya taso aka fara kaɗa mafitai, sai ƙarnin kifi ya tashi daga ɓangaren mata ya gauraye ɗakin. Fasto ya tsaya a tsakiyar karatu, ya ja hanci, ya dubi jama'a ta saman tabarau.

"Waye ya shigo da guzuri?" ya ce.

Ba wadda ta ɗaga kai. Fuimalo, wanda ranar idonsa biyu tun daga farko har ƙarshe, ya yi gyaran murya ya dubi rufi. Uelese kuwa yana can baya kusa da ƙofa, inda yake zama don ya miƙe ƙafa. Ya lumshe ido ya ja numfashi a hankali, ya sake ja. Sai da na kusa da shi ya zungure shi, sannan ya gane an tashi waƙa.